Suna na Uku a Jerin Addu'ar Laraba

Shekaru sun ɗan ja tun da abin nan ya faru, ni kuma mutum ne da ba ya cika amincewa da ƙwaƙwalwarsa. Akwai wuraren da nake ganinsu sarai, akwai kuma waɗanda nake zargin na cike su da abin da aka ba ni labari daga baya. Ko da damina ne, ko kuwa sanyin Jos ne kawai ya sa nake tuna kowa sanye da suwaita, ba zan rantse ba. Amma gundarin maganar ba na shakkarsa, domin ni na yi kuskuren, da bakina, a gaban mutane.

A lokacin na gama jami'a a Naraguta, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta kafin Allah ya kawo aiki. Cocinmu ƙarami ne, yana wajen Gada Biyu, kuma da Hausa muke sujada. Kowace Laraba da ƙarfe huɗu na yamma akwai taron addu'a. Masu zuwa ba su da yawa. Galibi iyaye mata ne da suka rufe teburinsu na kasuwa da wuri, sai tsofaffi maza uku ko huɗu.

Wanda yake jagorantar taron tun ina ƙarami wani dattijon ikilisiya ne, tsohon kafinta, wanda kowa ke kira Baba. Hanyarsa guda ce. Zai tsaya a gaba, ya dafa tebur, ya ce, "To, wa ke da labari?" Sai mutane su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce ƙafar maƙwabciyarta ta kumbura, waccan ta ce ɗanta ya sami sauƙi har ya koma gareji. Akwai wata uwa da takan fara da tarin jikanta, ta bi ta kan gonar dankalinta a ƙauye, ta zagayo ta kan surukinta, kafin ta tuna abin da ya tashe ta. Taron awa ɗaya yakan kai biyu da rabi. Ni dai a raina ina ganin ɓata lokaci ne, ko da yake ban taɓa furtawa ba.

Da gwiwoyin Baba suka fara ba shi wahala, sai ya ce in riƙa tsayawa a madadinsa. Na karɓa da tsoro, domin ni mai gudun kuskure ne, kuma tsoron ne ya sa na kawo tsari. Na zauna da Baba a kan benci, na ce ya faɗa mini sunayen duk marasa lafiyan da ake yi wa addu'a. Ya lissafa, na rubuta a waya, na sa musu lamba daga ɗaya zuwa goma sha wani abu. Na sanar cewa daga yanzu mai sabon roƙo ya same ni kafin a fara, in ƙara a jeri, ba sai kowa ya tashi ba. Taron ya dawo awa ɗaya cif. Mata suka riƙa komawa gida da sauran haske. Aka yaba mini. Har Fasto ya ce a gaban jama'a, ga amfanin ilimi a gidan Allah.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban taɓa fashin Laraba ba, ko ana ruwa. Na iya jera addu'a, kalma na bin kalma ba tuntuɓe, har wasu iyayen sukan ce in na yi addu'a tsigar jikinsu na tashi. Da wani ya tambaye ni a lokacin yaya tafiyata da Ubangiji, da na amsa da tawali'u a baki, amma a ciki ina ganin ban taɓa tsayawa da kyau kamar haka ba.

Suna na uku a jerin na wani mutum ne da Baba ya ce mini ɓarin jikinsa ya shanye. Iyakar abin da na sani ke nan. Na yi wata bakwai ko takwas ina kiran sunan nan kowane mako, ina roƙon Allah ya taɓa shi. Ban taɓa tambayar ina gidansa ba, ko wace ce matarsa.

A cocinmu, kamar sauran wurare, ba a kiran mace babba da sunanta ko na mijinta. Da sunan ɗanta na fari ake kiranta, Maman wane. Akwai wata uwa mai sayar da acca da kayan miya, gajeriya, mai kaifin baki, wadda takan zauna a benci na biyu kusa da taga. Na san ta sosai, ko in ce na ɗauka na san ta. Bayan taro takan tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "Malam Digiri, Baba yana gaishe ka." Ni kuma in ce, "Ina amsawa, Mama, a gaishe shi," in wuce. Wane Baba ne, ban sani ba. Babanni suna da yawa a Jos.

Wata Lahadi aka sanar cewa mijin wannan uwar ya koma ga Ubangiji. Ina cikin coci, na ji. Na tabbata mai sanarwar ya kira sunan mamacin, domin haka ake yi, amma ni ne zan yi karatun Maganar Allah ranar, hankalina yana kan kada in yi tuntuɓe a wata kalma mai wuya. Abin da ya shiga kunnena shi ne mijin Maman wane. Aka kai gawa ƙauye, ikilisiya ta ɗauki mota ta raka, ni ina tsaron jarrabawa a makaranta ban je ba. Larabobin da suka biyo baya ba a yi taron yadda aka saba ba, saboda an haɗa shi da wani taron farkawa na gunduma. Don haka jerin yana nan kwance a wayata yadda yake.

Ranar da muka koma taronmu ita ce kuma ranar da uwar ta fara fitowa bayan zaman makoki. Na gan ta, na je na rusuna na ce, "Sannu Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke." Ta ce, "Amin, ɗana." Aka yi waƙa biyu. Na buɗe waya, na duba jeri, na rufe ido, na fara. Na ɗaya, aka ce amin. Na biyu, aka ce amin. Na zo na uku, na kira sunansa cikakke, na ce Ubangiji ya miƙa hannu ya taɓa bawansa, ya tashe shi daga gadon ciwo, ya ba ƙafafunsa ƙarfi, ya dawo da shi ya zauna a cikinmu a wannan ɗaki mu gan shi da idanunmu.

Ba wanda ya ce amin.

Na ɗauka ba su ji ba ne. Wannan shi ne abin da har yau yake sa ni runtse ido idan na tuna: sai na maimaita, da ƙarfi. Daga nan na ji benci ya motsa. Na buɗe ido na ga uwar ta miƙe, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ɗauki jakarta, ta bi tsakiyar coci ta fita ba ta kalli kowa ba. Mata biyu suka bi ta. Baba, daga inda yake zaune, ya ɗaga waƙa da muryarsa mai rawa, saura suka kama, taron ya ƙare a haka.

Da aka watse Baba ya yafito ni.

"Ɗana, wa ka yi wa addu'a yanzu?"

Na faɗi sunan.

"Ka san inda yake?"

"Yana gida, Baba, ba shi da lafiya."

"Yana gida kam," in ji shi. "Gidan da ba a ciwo. Da hannuna na zuba masa ƙasa. Matarsa ce ta fita."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da na tuna shi ne bakina ya fara kare ni tun kafin zuciyata ta gama fahimta. Na ce ai ba wanda ya zo ya ce in cire sunan. Na ce tsarin shi ne a sanar da ni. Baba ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Wato matar da ta binne mijinta ita ce za ta zo ofishinka ta cike fom?"



Lahadi ba ta zo ba. Laraba ba ta zo ba. Lahadi ta biyu ma bencin kusa da taga wata ce ta zauna a kai. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan cocinmu, suka je gidanta, suka dawo da magana cewa ta ce ita ba ta yi fushi da Allah ba, amma ba za ta iya zama a inda mijinta ya zama lamba ba. Mace ce da ta yi fiye da shekara talatin a wannan coci, da kanta ta ɗebo yashin da aka yi ginin. Yanzu ga shi tana shirin barinsa a daidai lokacin da ta fi bukatar mutane, kuma ni ne sanadi.

Na rubuta saƙon ban haƙuri a waya har sau huɗu ina gogewa. Na nuna wa Baba na biyar ɗin, ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya miƙo mini ita.

"Hausarka ta yi kyau," ya ce. "Amma wannan da ƙafa ake aika shi."

Gidan bai kai tafiyar minti goma sha biyar daga coci ba. Wannan ma ya ƙara mini kunya, domin hanyar da nake bi zuwa makaranta ce kullum. Na je ranar Asabar da hantsi. Na same ta a tsakar gida a kan kujera 'yar tsuguno, tana wanke acca a ƙwarya, tana rairaye tsakuwa. Na yi sallama, na durƙusa.

"A'a, Malam Digiri! Yau ɓatan hanya ka yi?"

"Mama, na zo ne in roƙi gafara."

"Tashi daga ƙasa, wandonka mai guga ne. Ga kujera can."

Kujera ce ta katako mai hannu, an ɗaura mata tsumma a hannun hagu. Na zauna a bakinta.

"Zauna da kyau, ba ta cizo. Nan yake wuni. Tun da ka yi wata takwas kana yi masa addu'a, faɗa mini, wane ɓarin ne ya shanye?"

Na ce ban sani ba.

"Dogo ne ko gajere?"

"Ban sani ba, Mama."

"Aikin me ya yi?"

Na sunkuyar da kai. Ta tsiyaye ruwan accar, ta zuba sabo. Ta ce ya yi aikin haƙar kuza tun yana saurayi, daga baya ya koma gadi, kuma hagunsa ne ya shanye, shi ya sa ta ɗaura tsumman don kada katako ya goge masa fata. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ka san abin da ya fi yi mini ciwo?" ta ce. "Ba addu'ar ranar nan ba ce. Kowa yana kuskure, ni ma na taɓa zuba sukari a miya. Duk Laraba in na dawo sai ya tambaye ni, an kira sunana? In ce an kira, yaron nan mai digiri ya yi maka addu'a mai daɗi. Sai ya ce, ki gaishe shi, ki ce ya leƙo in ga fuskarsa. Ni kuma nakan kawo maka gaisuwar, in haɗiye sauran, ina cewa yaro yana da aiki, kada in ɗora masa. Ina zaton ka san wanda ke gaishe ka. Ashe iska nake gaisarwa."

Na yi kuka, ba zan musa ba. Ta bar ni na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "Ya isa, kada maƙwabta su ce wani ne ya sake mutuwa. Ina takardar taka? Karanta mini."

Na fito da waya na fara karantawa. Na ɗaya, ta ce wannan ai ta warke tun kafin Kirsimeti, har ta yi rawa a bikin ƙanwarta. Na biyu, ya koma Bukuru wurin ɗansa. Na huɗu, ta haihu lafiya, yaron ya fara rarrafe, kai kana nan kana roƙon a sauke ta lafiya. Ta yi dariya a nan, dariya ta gaske, ni ma ban san lokacin da na yi ba. Da na kai na bakwai kuwa, sai ta ajiye ƙwaryar.

"Wannan tana raye?" ta tambaya.

"Ban sani ba, Mama."

"Ni ma ban sani ba. Da can 'yar uwarta takan tashi ta ba mu labarinta duk mako. Tun da ka hana mu tashi, ban sake jin komai ba." Ta goge hannu a zane. "Tashi mu je."

"Yanzu?"

"A'a, sai ka rubuta wasiƙa tukuna. Tashi mana!"

Muka hau keke napep zuwa wajen unguwar Ali Kazaure. Ita ta san lungun. Muka sami matar, tsohuwa ce mai ciwon suga, a ɗaki ɗaya a gidan haya, ƙafarta a naɗe. 'Yar uwar tata ta yi tafiya watanni da suka wuce. Wadda take kula da ita matar wani tela ce, Musulma, maƙwabciyarta, ita ke kawo mata kunu da safe, ita ke raka ta wankin ciwo. Da ta ji daga coci muke sai ta ce, "Sannunku da zuwa. Kullum tana cewa mutanenta za su zo." Ba da gatse ta faɗa ba, amma na ji maganar har ƙashina.

Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce in yi addu'a. Ni da ake cewa kalmomi ba sa ƙare mini, na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Ina jin warin maganin da ke ƙafarta. Abin da na iya faɗa bai wuce jimla uku ba, kuma a karkace suka fito. Ina kyautata zaton ita ce addu'ar gaskiya ta farko da na yi cikin watanni masu yawa.

A hanyar dawowa na yi ƙarfin hali na tambayi Mama ko za ta dawo coci.

"Ka gama zagaya mutanen takardarka tukuna," ta ce. "Ranar da ka san fuskar kowa, ka aiko mini."

Ya ɗauke ni kusan mako uku, bayan tashi daga makaranta. Wasu gidajen Baba ya kwatanta mini, wasu matan Zumunta suka raka ni. Jerin ya ragu zuwa rabi, sa'an nan ya ƙaru da mutane biyu da ba wanda ya taɓa kawo sunansu. Da na gama ban aika ba, na je da kaina na faɗa mata. Ta yi mini tambayoyi kamar mai jarrabawa, wane ne ke kwance a asibiti, wace ce ba ta iya cin tuwo. Na amsa. Ta ce, "To, ba laifi."

Larabar da ta biyo baya ta shigo ana waƙa ta biyu, ta zauna. Na tsaya a gaba, na dafa tebur, na tambaya ko akwai mai labari. An kwana biyu ba a yi haka ba. Ita ce ta fara tashi. Ta gode wa ikilisiya saboda rakiyar da aka yi wa mijinta, ta ba da labarin tsohuwar nan mai ciwon suga, ta raba wa mata ranakun da kowace za ta kai abinci, ta ce kuma a yi wa matar telan addu'a, Allah ya saka mata. Taron ya kai awa biyu da wani abu. Ba wanda ya duba agogo, sai ni, sau ɗaya, saboda hali.

Na daɗe ina tunanin yadda abin ya same ni. A da na ɗauka sanyin ruhu yana zuwa ne ta hanyar da kowa zai gani, mutum ya daina zuwa coci, ya bar karatu, ya koma wata rayuwa. Nawa bai zo haka ba. Ya zo ne ina kan aiki, ina zuwa a kan lokaci, ana yaba mini. Na iya abin har ya daina bukatar zuciyata, ni kuma ban lura ta fita ba. Ba na cewa tsari laifi ne, har yanzu ina rubuta sunaye don kada in manta. Ba kuma na cewa na warke gaba ɗaya, domin wanda ya tabbata ya warke daga wannan ciwo ina tsoron ya riga ya sake kamuwa. Amma abu ɗaya na tabbata da shi: Allah bai bar ni in ci gaba da barci a tsaye ba. Ya tashe ni, ko da yake ta hanyar da ta yi wa wata baiwarsa ciwo, kuma ita ce ta yi haƙurin riƙe hannuna har na farka. Tun daga lokacin, duk sunan da zan kai gaban Ubangiji a gaban jama'a, sai na san yadda mai shi ya kwana a makon.

Mutane da dama da suka zauna a ɗakin nan ranar suna raye, wasu ma sun fi ni sanin abin da ya wakana bayan na runtse ido. Idan na sa magana a bakin wanda bai faɗa ba, ko na rikita makonni, ko na rage wa kaina laifi a inda bai kamata ba, ina roƙon duk wanda ya shaida ya aiko mini da gyara, ko ya tare ni bayan sujada ya faɗa mini. Zan karɓa da godiya, in kuma gyara rubutun.